Grace Hopper, matar da ta shafe rayuwarta tana farautar kuskure a cikin kwamfuta

Kafin mu shiga tarihin matar da muka ɗauko muku a filinmu na yau, bari mu fara da wani abu da ya taɓa samunmu a ɗan gidan rediyon da muke aiki. Wani saurayi da ke kula mana da na'urori ya rubuta wa kwamfutarmu wani gajeren jerin umarni, wanda aikinsa shi ne ya kwashe shirye-shiryen da aka watsa a yini, ya yi ɗan lissafi da kwanan wata, ya jefa su cikin ma'ajiyar makon da ya dace. Abin da ake bukata ga wanda ya rufe tasha da dare bai wuce ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni a kansa ba, ya rubuta sunan umarnin, ya bar ɗan fili, sa'annan ya bi shi da kwanan wata. Daga ranar 01 har zuwa 07 komi ya tafi sumul. Ranar 08 sai abu ya ƙi. Ranar 09 ma ya ƙi. Da 10 ga wata ta zo sai ya ci gaba da aikinsa kamar ba shi ne ya yi gardama ba. Sabon wata ya kama, aka sake maimaita haka.

Ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin na'urar ɗaukar sauti takan shafe na jiya ta ɗora na yau, kuma a cikin abin da ke salwanta har da sanarwowin da mutane suka biya kuɗinsu, waɗanda in mai su ya zo yana ƙorafin ba a karanta masa ba, ba mu da wata shaida sai wannan ajiya. An zargi ɗaukewar wuta, an zargi ƙura da zafi, daga ƙarshe aka koma zargin abokin aikinmu da aikin dare ya faɗo kansa a waɗannan ranaku, har ana cewa barci yake yi. Ashe bawan Allah ba ruwansa. Za mu faɗi inda gizo ke saƙar in mun isa wurin, domin ɗan'uwan wannan kuskure ya taɓa kama ita kanta matar da za mu ba ku tarihinta, kuma a cikin lissafin kuɗinta na banki ya kama ta.

An haifi Grace Brewster Murray a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 9 ga watan Disamba na shekara ta 1906, ita ce babba a cikin ƴaƴa uku. Mahaifinta dillalin inshora ne, mahaifiyarta kuwa mace ce mai son lissafi, ɗiyar wani injiniya da ke yi wa birnin aiki. Gida ne na masu rufin asiri, kuma iyayen sun tsaya kan cewa ƴaƴansu mata za su yi karatu daidai da ɗansu namiji. Tana da shekara bakwai ta so ta san abin da ke sa agogon ƙararrawa yake kuka, sai ta kwance ɗaya, ta kasa mayar da shi. Maimakon ta haƙura sai ta ɗauko wani ta kwance don ta ga inda ta yi kuskure a na farko. Sai da ta wargaza agogo bakwai kafin mahaifiyarta ta farga, ita kuwa ba ta hana ta ba, ta dai ƙayyade mata guda ɗaya.

Da ta kai shekara 16 ta nemi shiga kwalejin ƴan mata ta Vassar, aka ƙi ɗaukarta saboda sakamakonta a harshen Latin bai kai ba. Ta jira shekara guda ta sake nema, aka ɗauke ta, ta kammala a 1928 da digiri a fannin lissafi da kimiyyar fizik. Daga nan ta wuce jami'ar Yale, inda ta sami digiri na biyu a 1930, da kuma digirin dakta a lissafi a 1934, a zamanin da matan da ke kai wa wannan matsayi a lissafi ana iya ƙirga su da yatsu kowace shekara. A 1930 ne ta auri wani malamin adabi mai suna Vincent Foster Hopper, wanda daga wurinsa ta samo sunan da duniya ta san ta da shi. Tun daga 1931 ta koma Vassar tana koyarwa, kuma a nan akwai wani hali nata da ya kamata mai karatu ya riƙe. Takan sa ɗalibanta na lissafi su rubuta bayanin yadda suka kai ga amsa da kalmomi, ta kuma rage musu maki in rubutun bai fito sarai ba. Ɗaliban kan yi gunaguni cewa ba ajin insha'i suka zo ba, ita kuwa a ganinta lissafin da mutum bai iya bayyana wa wani ba, bai da amfani.

Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a watan Disamba na 1941, Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, ita kuma ta nemi shiga rundunar sojan ruwa. Aka ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta kuma bai kai ba, domin kimanin kilo 48 gare ta alhali ana neman 54, sa'annan kuma aikin koyar da lissafi da take yi ya fi wa ƙasa amfani. Ta nace har aka ɗaga mata ƙafa. A watan Disamba na 1943 ta yi rantsuwar shiga sashen ko-ta-kwana na rundunar, ta zo ta ɗaya a ajinsu na horo, aka ba ta muƙamin ƙaramar laftana, kuma a watan Yuli na 1944 aka tura ta jami'ar Harvard wurin wani kwamanda mai suna Howard Aiken, mutum mai zafin rai wanda tun farko bai so aka turo masa mace ba.

Abin da ta tarar a can wani dodon inji ne da ake kira Mark I, wanda kamfanin IBM ya ƙera bisa tsarin Aiken. Tsawonsa ya haura mita 15, tsayinsa kusan mita biyu da rabi, nauyinsa ya fi tan 4, a cikinsa akwai wayar da ta kai kilomita 800 da sassa fiye da 750,000. Duk da wannan girma, tarawa uku yake yi a sakan guda, ninkawa kuwa sai ta ci masa sakan 6, rabawa sakan 15. Wayar da ke aljihun mai karatu ta ninka shi gudu fiye da yadda baki zai faɗa. To amma ba ya gajiya, dare da rana yana aiki, yana fitar wa rundunar lissafin harbin manyan bindigogi da na nakiyoyin ruwa, har ma masanin nan John von Neumann ya kawo masa wani lissafi da daga baya aka gane na bom ɗin nukiliya ne. Ita ce ta uku a cikin waɗanda suka fara rubuta masa umarni, bayan Robert Campbell da Richard Bloch.

A nan ne ta koyi sana'ar da ta riƙe har ƙarshen rayuwarta. Ana ba injin umarni ne ta wani dogon zaren takarda da ake hudawa, kowane layi na huji umarni guda ne, wanda ke cewa a ɗauko lamba daga ma'ajiya kaza, a kai ta ma'ajiya kaza, a yi mata kaza. In huji ɗaya ya goce daga wurinsa, injin ba zai tambayi kowa ba, zai ci gaba da aiki sa'o'i da dama ya fitar da amsar da ba ta da kai. Sai a bi takardar layi-layi a nemo hujin, a toshe shi da ɗan guntun takarda a sake huda wani. Wani lokaci kuma laifin na injin ne, wani ɗan ƙarfe ya cinye yana tartsatsi a wani lungu da ido ba ya kai wa. Sukan kashe fitilu, ita kuma ta ciro ɗan madubinta na jaka ta zura ta leƙa inda wutar ke fita. Da tafiya ta yi tafiya har ta kai suna gane lafiyar injin daga sautin ƙwanƙwasarsa, kamar yadda tsohon direba ke gane ciwon mota daga kukanta. Sun kuma koyi sa injin ya riƙa buga sakamako a tsakiyar aiki, domin in abu ya lalace a san daga ina ya fara, ba sai an koma farko ba. Ita ce Aiken ya ɗora wa rubuta littafin sarrafa injin, mai shafi fiye da 500, wanda ya fito a 1946 da sunan ma'aikatan ɗakin binciken gaba ɗaya, ba da sunanta ba.

Da yaƙi ya ƙare ta nemi zama cikakkiyar soja, aka sake ce mata shekarunta sun wuce. Aurenta ya mutu a 1945, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. Vassar ta yi mata tayin kujerar farfesa, ta ƙi, ta zauna wurin injinan Aiken.

Yanzu sai labarin ƙwaro, wanda shi ne akasarin mutane suka sani game da ita, kuma shi ne aka fi ƙara wa gishiri. Ranar 9 ga watan Satumba na 1947, ana gwajin injin da ya biyo baya, wato Mark II, sai aka ga yana ba da matsala. Da masu aiki suka bi sawu sai suka tarar da wani ƙwaro, irin faɗa-wutan nan da ke zagaya fitila da dare, ya maƙale a cikin makunni mai lamba 70 a allo na F. Suka ciro shi suka liƙa a littafin da ake rubuta abin da ya faru a kowace rana, daidai ƙarfe 3:45 na yamma, wani kuma ya rubuta a ƙarƙashinsa, cikin raha, cewa yau dai an kama ƙwaro na gaske. Rahar ta samo asali ne daga cewa a Turanci kalmar bug, wadda ke nufin ƙwaro, ta daɗe a bakin injiniyoyi da ma'anar ɓoyayyiyar matsala a cikin inji, domin Thomas Edison ma ya yi amfani da ita tun a 1878. Saboda haka masu cewa ita ce ta ƙirƙiro kalmar ba su faɗi daidai ba, kuma masu bincike sun nuna rubutun da ke shafin ba hannunta ba ne. Abin da ta yi shi ne ta riƙa ba da labarin a ɗaruruwan tarurruka har ya zagaya duniya. Littafin, da ƙwaron a liƙe, yana gidan adana kayan tarihi na Smithsonian a birnin Washington.

A namu ganin wannan labari, duk da daɗinsa, ya ɗan karkatar da hankalin mutane daga ainihin aikinta. Ƙwaro daga waje ya shigo, ba laifin kowa ba ne, ana ciro shi magana ta ƙare. Kurakuran da suka hana ta barci kuwa, waɗanda ɗan Adam ke yi da hannunsa ne a daidai lokacin da yake miƙa wa inji saƙo.

A 1949 ta bar Harvard ta koma birnin Filadelfiya wurin wani ƙaramin kamfani na J. Presper Eckert da John Mauchly, waɗanda ke ƙoƙarin ƙera kwamfutar da za a sayar wa ƴan kasuwa da ma'aikatun gwamnati, wato UNIVAC. Lokaci ne mai wuya gare ta. Kamfanin na fama da rashin kuɗi har sai da Remington Rand ya saye shi a 1950, ita kuma, kamar yadda marubucin tarihinta Kurt Beyer ya nuna a littafinsa na 2009, tana fama da shan giya, har ƴan sanda suka taɓa kama ta a ƙarshen 1949. Abokan aikinta ne suka tsaya mata har ta farfaɗo. Mun kawo wannan ne ba don tonon asiri ba, sai don kada a ɗauka hanyar ta kasance a shimfiɗe.

A wannan kamfani, kafin UNIVAC, akwai wani inji mai suna BINAC, wanda ake rubuta wa umarni da ƙirgen takwas-takwas. Ga yadda abin yake. Kwamfuta ba ta san komi ba sai 0 da 1, to don a sauƙaƙa wa mutane sai ake haɗa su uku-uku, kowane uku ya ba da lamba guda daga 0 zuwa 7. A wannan ƙirge babu 8 babu 9, daga 7 sai 10, kuma wannan 10 ɗin takwas take nufi. In ka cire 1 daga 10 a can, 7 za ka samu, ba 9 ba. Ta koyi tarawa da cirewa da ninkawa a wannan tsari har ya zauna mata a ka. Sai ga shi wata uku a jere lissafin ajiyarta na banki ya ƙi daidaita da abin da bankin ke aiko mata. Ta duba ta sake dubawa ba ta ga komi ba, sai da ƙanenta, wanda ma'aikacin banki ne, ya zauna a kan takardun ya gano cewa jefi-jefi takan cire kuɗin da ta kashe da ƙirgen takwas-takwas ba tare da ta sani ba. Dakta ce a lissafi, amma abin ya kama ta. Darasin da ta ɗauka shi ne ba daidai ba ne a tilasta wa mutum ya koma tunani irin na inji, injin ne ya kamata ya matso kusa da mutum.

To, wannan tsohon ƙirge shi ne ya ci mana shirye-shiryenmu na ranakun 8 da 9. Manhajar da ke karɓar umarni a baƙin allon kwamfutarmu, wadda ake kira Bash, ta gaji wata ƙa'ida daga harshen kwamfuta na C da aka ƙirƙiro a ɗakin binciken Bell a farkon shekarun 1970, cewa duk lambar da ta fara da sifiri, in za a yi lissafi da ita, ta ƙirgen takwas-takwas ce. Daga 01 zuwa 07 ba a ganin bambanci, domin ƙirgen biyu sun yi daidai a nan. Amma 08 da 09 babu su a can sam, sai aikin ya tsaya. Ita kuwa 10 ba ta fara da sifiri ba, shi ya sa take wucewa. Da a ce da lambar wata ake lissafin, da Agusta da Satumba za mu rasa ɗungurungum. Abin takaicin shi ne kwamfutar tana faɗin ƙorafinta a kan allo kowane dare, amma da Turancin Ingilishi, abokinmu kuwa karatun Faransanci ya yi, sai ya ɗauka irin surutun da ta saba ne, ya kashe ta ya tafi gida. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba. Saurayin ya sa a riƙa cire sifirin gaba kafin lissafi, ya kuma ƙara ƴan layuka da ke fara duba ko an rubuta kwanan watan ma tukuna, ko lamba ce, ko ta wuce 31, in da matsala ta faɗa da Hausa. Hopper ba ta da hannu a wannan ƙa'ida ta sifiri, amma ciwon da ta haifar mana shi ne ciwon da ta yi ta nema wa magani.

Mu koma Filadelfiya. Masu rubuta umarni a lokacin suna da ƴan littattafai da suke tara guntayen umarnin da aka riga aka gwada, misali na fitar da wani lissafi da ake yawan bukata. In mutum yana so sai ya ari littafin abokinsa ya kwafa da hannu, ya kuma sake lissafa lambobin ma'ajiyar da kowane guntu zai zauna. Ita ta lura cewa ƙwararrun masana lissafin nan ba su iya kwafi ba, ba su kuma iya tara ƙananan lambobi ba tare da kuskure ba. Lambar 4 takan rikiɗe ta koma harafin A, ko ta koma wata alama mai kusurwa uku da suke nuna fili da ita, harafin B kuma ya koma 13. Maganar fili ɗin nan har yau ba ta mutu ba. Wanda ya sa wa fayil suna labaran rana, ya rubuta shi haka bayan umarni ba tare da ya kewaye shi da alamar zance ba, kwamfuta za ta ɗauka abu biyu ya ba ta, ɗaya labaran ɗaya rana, ta ce ba ta ga ko ɗaya ba.

Tunaninta a nan mai sauƙi ne. Ga inji a gefe wanda bai taɓa kuskuren kwafi ko na tarawa ba, me zai hana a ba shi wannan aiki? Wata abokiyar aikinta, Betty Holberton, ta riga ta nuna cewa manhaja na iya rubuta wata manhaja. Tsakanin 1951 da 1952 sai Hopper ta tattara guntayen umarnin nan a kan faifai, ta ba kowanne lambar kira. Mai aiki sai kawai ya rubuta lambar guntun da yake so, ya bi ta da ƴan rakiyarta, wato bayanan da guntun zai yi aiki da su, injin kuma ya ɗauko, ya harhaɗa, ya lissafa wa kowanne mazauninsa. Ta sa wa wannan tsari suna A-0. Mai karatu zai ga kamar da ke tsakaninsa da abin da muke yi a tasha da dare, suna a gaba, ƴan rakiya a baya. Aikin da kan ci mutane sa'o'i masu yawa ya koma ƙasa da awa guda.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. Wasu sun ce kwamfuta lissafi kawai ta iya, ba ta iya rubuta wa kanta umarni. Wasu kuma suna da hujja ta gaske, domin abin da A-0 ke harhaɗawa bai kai wanda ƙwararre ya rubuta da hannu gudu ba, lokacin inji kuwa a zamanin ya fi lokacin mutum tsada nesa ba kusa ba. Akwai kuma masu tsoron kada sana'arsu ta zama ta kowa. Gaskiya ne kuma ba ita kaɗai ke kan wannan hanya ba, Alick Glennie yana irin nasa a Manchester ta Ingila a 1952, John Backus da jama'arsa a IBM kuma suka fito da Fortran a 1957. Inda ta sha bamban da su shi ne mutanen da ta sa a gaba. Su masana kimiyya suke yi wa aiki, ita kuwa akawu da magatakarda da mai lissafin albashi take hange, mutanen da ba su son alamomin lissafi. Don haka daga 1955 ita da ma'aikatanta suka gina FLOW-MATIC, wani tafinta da ke karɓar umarni da kalmomin Turanci na yau da kullum, irin su karanta, kwatanta, rubuta, tsaya, ya juya su zuwa lambobin da inji ke ji.

Akwai wani abu da ya faru a nan da ya taɓa mu ƙwarai. Don ta nuna wa shugabannin kamfanin ƙarfin abin, sai ta sa aka gwada shi da kalmomin Faransanci da na Jamusanci, ya kuma yi aiki, tunda injin ba ma'anar kalma yake ji ba, jerin haruffa kawai yake kwatantawa. Maimakon su yi murna sai hankalinsu ya tashi, suka ga ba zai yiwu injin Amurka da aka ƙera a Filadelfiya ya ji harshen wasu ba, dole ta janye maganar ta tsaya kan Turanci. Wato dai tun a wancan lokaci babu wani dalili na fasaha da zai hana a ba kwamfuta umarni da Faransanci, ko da Hausa ma. Shawarar mutane ce ta sa abokinmu ya tsaya gaban allo yana kallon ƙorafin da ba ya iya karantawa.

A ƙarshen watan Mayu na 1959 aka yi wani taro a ma'aikatar tsaron Amurka ta Pentagon, don a samar da harshe guda na harkar kasuwanci da zai yi aiki a kan injin kowane kamfani. Daga nan aka sami COBOL. Ana yawan kiranta uwar COBOL, amma ita mai ba da shawara ce, wani ƙaramin kwamiti ne ya zauna ya tsara harshen, kuma ɗaya daga cikinsu, Jean Sammet, ta sha gyara wannan magana. Abin da ba a musu a kai shi ne FLOW-MATIC na cikin manyan tushensa. A watan Disamba na 1960 aka ɗauki manhaja guda aka gwada ta a kan injin UNIVAC da na kamfanin RCA, ta yi aiki a duka biyun.

A ƙarshen 1966 rundunar sojan ruwa ta yi mata ritaya da muƙamin kwamanda saboda ta cika shekara 60. Ba a yi shekara ba, a watan Agusta na 1967, aka sake kiranta, wai na wata shida. Matsalar ita ce kowane kamfani ya yi wa COBOL nasa ƙari da ragi, har manhajar da ke aiki a wannan sansani ta ƙi aiki a wancan. Ita da ƴan ma'aikatanta suka rubuta jerin gwaje-gwaje da ake bi da kowane tafinta ta cikinsu kafin rundunar ta saya, a ga ko yana fassara umarni yadda ƙa'ida ta ce. Wannan aiki ba ya da labari mai daɗi irin na ƙwaro, amma a ganinmu ya fi shi nauyi, domin kama kuskure ne tun bai shigo gida ba. Wata shidan nan kuwa sai da ya kai kusan shekara 19, in ban da ɗan taƙaitaccen hutu tsakanin 1971 da 1972. Ta zama kyaftin a 1973, kwamado a 1983, muƙamin da aka sauya wa suna zuwa riya admiral a 1985.

A waɗannan shekaru ta koma malamar da take tun asali, tana yawo jami'o'i da sansanoni tana lacca. A ofishinta akwai agogon bango da ke tafiya da baya, don ta nuna wa baƙi cewa sabo da abu ba shi ne hujjar daidai ba. A jakarta kuma akwai guntayen waya masu tsawon kusan santimita 30, wato iyakar nisan da haske ke iya ci a kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, tana raba wa mutane. In wani babban hafsa ya tambayi dalilin da ya sa saƙo ta tauraron ɗan Adam ke jinkiri, sai ta miƙa masa guda ta sa ya yi tunanin nawa za a jera daga ƙasa zuwa can. Tana kuma da wani naɗin waya mai mita 300, nisan kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, wanda take so masu rubuta manhaja su gani don su san abin da suke zubarwa in sun yi sakaci.

Ta yi ritaya ta ƙarshe ranar 14 ga watan Agusta na 1986 a kan tsohon jirgin ruwan yaƙi USS Constitution a Boston, tana da shekara 79, ita ce mafi tsufa a cikin hafsoshin rundunar da ke bakin aiki a lokacin. Ko hutawa ba ta yi ba ta kama aiki da kamfanin Digital Equipment. A 1991 aka ba ta lambar yabo ta ƙasa kan fasaha. Ta rasu cikin barcinta ranar 1 ga watan Janairu na 1992 tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. An sa wa wani jirgin ruwan yaƙi sunanta a 1996, shugaba Barack Obama ya ba ta babbar lambar yabo ta farar hula a 2016, jami'ar Yale kuma ta sa wa ɗaya daga cikin kwalejojinta sunanta a 2017.

Ta sha faɗin cewa burinta shi ne ta kai daren 31 ga watan Disamba na 1999 ta ga shagalin shiga sabon ƙarni. Ba ta kai ba. Daren kuwa da ya zo, dubban injiniyoyi a bankuna da ma'aikatu a faɗin duniya a gaban allo suka kwana, domin tsofaffin manhajoji, da yawansu da COBOL aka rubuta su, lamba biyu kawai suke ajiye wa shekara saboda tsimin wuri, ana fargabar su ɗauki 00 a matsayin 1900. An shafe shekaru ana bin su layi-layi ana gyarawa kafin ranar, aka kuma wayi gari ba tare da wata babbar ɓarna ba, ranar 1 ga watan Janairu na 2000, ranar da ta cika shekara 8 cif da rasuwa.